Bargon Gaggawa a Jakar Maharbi: Yadda Ake Zaɓensa da Yadda Ake Kwana a Cikinsa

Duk wanda ya taɓa ganin hotunan baƙin hauren da ake cetowa daga tekun Bahar Rum a sauke su a tsibirin Lampedusa na Italiya, ya ga abin da ake yafa musu: wata leda mai ƙyalli, gefe ɗaya ruwan zinariya, ɗaya gefen ruwan azurfa. Wannan leda ita ake kira bargon gaggawa. Maharban da ke kutsawa cikin tsaunukan Rocky na Amurka, a jihohi irin su Kolorado da Idaho da Montana, sun daɗe suna ja-in-ja a kansa, domin mutumin da zai goyi kayansa a baya kwana da kwanaki yana auna nauyin kowane abu kafin ya jefa shi cikin jaka. Wasu na ganin ledar banza ce da ke sa mutum ya ɗauka yana da kariya alhali ba shi da ita, wasu kuwa ba sa taka daji sai da ita. A ganina ya cancanci ɗauka, amma da sharaɗi biyu: a zaɓi irin da ya dace, kuma a san abin da ba zai iya yi ba tun kafin a buƙace shi.

Abin da yake yi da abin da ba ya yi

Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ita ce ta samar da wannan abu a 1964 domin kare na'urorinta daga zafi da sanyin sararin samaniya. Leda ce mai tsananin siranta, wadda kaurinta bai wuce kashi 12 cikin 1,000 na milimita ɗaya ba, aka fesa mata alminiyam a gefe guda. A 1973, lokacin da garkuwar Skylab, tashar sararin samaniya ta Amurka, ta yage wajen harbawa har zafin rana ya addabi tashar, da rumfar da aka yi da irin wannan leda 'yan sama jannati suka rufe wurin. Wanda ake sayarwa a yau nauyinsa gram 50 zuwa 60 ne, tsawonsa kusan mita 2.1, faɗinsa mita 1.3 zuwa 1.6, kuma idan yana naɗe bai fi tafin hannu ba.

Kafin a yanke masa hukunci sai an fahimci hanyoyin da ɗumi ke barin jiki, domin huɗu ne. Akwai hucin da jiki ke fitarwa ko da babu abin da ya taɓa shi, akwai ɗumin da iska ke kwashewa idan tana kaɗawa, akwai wanda ke tafiya idan gumi ko ruwan da ya jiƙa tufafi yana bushewa, sannan akwai wanda ƙasa ko dutse ke zuƙewa idan an zauna ko an kwanta a kai. Masu sayar da bargon kan rubuta a jikin ƙunshinsa cewa yana mayar da kashi 90 cikin 100 na ɗumin jiki, amma wannan lissafi ya shafi hanya ta farko ce kawai, wato huci, kuma ga mutumin da ke sanye da tufafi a cikin iska da ruwa, huci ba shi ne ke cin yawancin ɗuminsa ba. Babban amfanin bargon a daji shi ne tare iska da hana ruwa shiga, da kuma tsayar da bushewar gumi. Hanya ta huɗu kuwa ba ya taɓuka komai a kanta: wanda ya shimfiɗa shi a kan dutse mai sanyi ya kwanta, dutsen zai sha ɗuminsa kamar babu komai a tsakani.

Aikin bargon aikin murfin tukunya ne, yana riƙe tururin da ke ciki amma ba ya hura wuta. Jikinka ne zai samar da ɗumin, tufafinka su riƙe shi, shi kuma bargon ya hana iska da ruwa su ɓata musu aiki.

Mataki na farko: duba inda dare zai iya riskarka

Hujja mafi ƙarfi ta ɗaukar bargon tana cikin yadda ake farautar elk, wata babbar barewa mai rassan ƙaho wadda namijinta kan haura kilo 300. Kolorado ce ta fi kowace jiha yawan wannan dabba, kuma ana farautarta ne daga Satumba da kwari da baka, sannan Oktoba da Nuwamba da bindiga, sau da yawa a tudun da ya kai mita 2,500 zuwa 3,500 sama da teku. A matsakaicin lissafi, duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska kan ragu da kusan digiri 6.5, saboda haka ranar da ta fara da ɗumi a gindin dutse tana iya ƙarewa da dusar ƙanƙara a samansa. Maharbi kan kafa tanti, ya bar jakar barcinsa da katifarsa a can, ya fita da ƙaramar jaka da niyyar dawowa kafin duhu. Sai dai dabbar ta fi fitowa kiwo da asuba da kuma dab da faɗuwar rana, wanda ke nufin harbi da yawa da magariba ake yin sa. Bayan harbi sai bin jini, bayan bin jini sai fiɗa da yanka nama gunduwa-gunduwa, aikin da ke cin sa'o'i yana jiƙa mutum sharkaf da gumi. Kafin ya ɗago kai dare ya tsala, yana nesa da tanti, ya gaji, rigarsa ta jiƙe, iska ta fara kaɗawa.

A irin wannan hali ne ɗumin jiki ke zubewa. Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne a ma'aunin Salshiyas. Idan ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari, idan ya yi ƙasa da 32 hankali kan gushe kuma rawar ɗari kan fara ɗaukewa, ƙasa da 28 kuwa zuciya na iya tsayawa. Ba sai ruwa ya daskare hakan ke faruwa ba, domin ruwa ya fi iska saurin zuƙe ɗumi da kusan ninki 25, shi ya sa jiƙaƙƙen mutum a iskar digiri 5 ko 8 yake cikin haɗarin da ya fi na busasshen mutum a cikin ƙanƙara. Don haka tambayar da za ka yi wa kanka kafin tafiya ita ce: akwai lokacin da zan yi nisa da kayan barcina har ya zama targaɗe ɗaya ko hazo ɗaya zai hana ni komawa? Idan akwai, bargon ya samu gurbi a jakarka. Wanda ke farauta kusa da motarsa, ko wanda ke goye da tantinsa da jakar barcinsa duk inda ya sa ƙafa, buƙatarsa ba ta kai ta wancan ba, ko da yake shi ma zai amfana idan wani ya ji rauni.

Mataki na biyu: zaɓi irin da ya dace

Iri uku ne a kasuwa, kuma yawancin masu kushe bargon gaggawa irin na farko suka gwada. Shi ne shimfiɗaɗɗen nan mai araha da ake samu a akwatin agajin farko. Yana da hayaniya, yana da santsi, iska na fizge shi daga hannu, kuma da zarar ƙaya ko ƙaramin reshe ya huda shi sai ya tsage daga wannan baki zuwa wancan. Riƙe shi a jiki da hannayen da suka sandare a cikin iska aiki ne ja, ga shi duk motsin da ka yi sai ya buɗe ya saki ɗumin da ka tara.

Na biyu an ɗinke shi kamar buhu, mutum ya zura jikinsa ciki tun daga ƙafa har wuya. Irin na kamfanin SOL, alal misali, nauyinsa kusan gram 100 ne, an yi shi da leda mai ɗan miƙewa wadda ba ta saurin tsagewa, bayansa ruwan lemo ne, cikinsa mai ƙyalli. Wannan shi nake ba da shawarar a ɗauka, domin ƙarin gram 50 kacal ya magance matsalar iska da ta yagewa a lokaci guda, kuma launin lemo na taimaka wa masu nema su hango mutum a cikin itatuwa, abin da ƙyallin azurfa ba ya yi idan babu rana. Wannan launi ba baƙo ba ne ga maharban can, tun da dokar Kolorado ta wajabta wa mai farautar manyan dabbobi da bindiga ya sanya tufa mai launin lemo ko hoda mai haske domin kada wani maharbin ya ɗauke shi dabba.

Na uku mai kauri ne kamar tamfol, da ramuka a kusurwoyinsa na zura igiya, nauyinsa wajen gram 350. Yana da kyau wajen kafa rumfa kuma ana iya amfani da shi sau da yawa, amma nauyinsa da girmansa kan sa a bar shi a tanti, wurin da ba a nan za a buƙace shi ba.

Mataki na uku: haɗa masa abokan tafiya

Bargon shi kaɗai rabin kariya ne. Abu na farko da za ka haɗa masa shi ne guntun katifar soso, irin mai tauri wadda ba ta shan ruwa, daidai wurin zama. Maharba da yawa suna da ita dama domin zaman dako, kuma ita ce ke toshe hanyar nan ta huɗu da bargon ya kasa. Na biyu busasshiyar riga da hula da safa na ulu, a ƙulle a leda, waɗanda ba za ka taɓa su ba sai ranar buƙata; kayan auduga ba su dace da wannan aiki ba domin suna riƙe ruwa. Sai laita biyu ko laita da ashana, da abin kama wuta mai saurin ci, da usur, da tocilar goshi, da 'yar igiya, da guntun salatif mai ƙarfi na liƙe inda ya huje. Kada a manta da abinci mai sukari da maiƙo, kamar dabino da gyaɗa da cakulan, domin rawar ɗari aiki ce da ke cin ƙarfi, kuma jikin da babu abinci a cikinsa ba shi da abin da zai ƙona ya yi ɗumi.

Mataki na huɗu: gwada shi a gida, ka kuma ajiye shi a jikinka

Ka sayi biyu. Ka buɗe ɗaya a tsakar gida a daren da ake sanyi, ka shiga ciki da tufafin da kake farauta da su, ka zauna sa'a ɗaya ko biyu. A nan za ka gane da kanka yadda raɓar gumi ke taruwa a ciki, da inda sanyin ƙasa ke shigowa, da yadda ake shiga buhun ba tare da takalmi ya huda shi ba. Na biyun shi ne na tafiya, kuma a riƙa duba shi kowace shekara kafin kakar farauta, domin idan ya daɗe a naɗe a cikin zafi, alminiyam ɗin kan ɓare a wuraren ninki, wani lokaci ma ledar ta manne da juna ta ƙi buɗuwa.

Wurin ajiya ma yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Maharbi kan sauke babbar jakarsa a gindin itace idan zai laɓaɓa kusa da dabba, da niyyar dawowa nan da 'yan mintoci, sai dabbar ta ja shi nesa, duhu ko hazo ya rufe, ya nemi itacen ya rasa. Saboda haka bargon da laita da usur su zauna a aljihun wando ko a cikin 'yar jakar ƙirji da ake rataya madubin hangen nesa, inda ba sa rabuwa da kai.

Mataki na biyar: daren da abin ya faru

Mafi wuya a wannan mataki shi ne yarda da wuri cewa yau a daji za a kwana. Sanyi na fara taɓa tunani kafin ya kayar da mutum, kuma yatsu na sandarewa har su kasa kunna laita ko ƙulla igiya, don haka shawarar tsayawa a yanke ta tun da sauran haske da sauran ƙarfi. Ci gaba da tafiya cikin duhu a gangaren dutse, da gajiya da kaya a baya, shi ke mayar da daren wahala ya zama karaya. Idan kana da na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, irin Garmin inReach, ka sanar da inda kake tun kafin ka fara shirin kwana.

Ka nemi wurin da iska ba ta bugawa, bayan babban dutse ko cikin itatuwa masu duhuwa. Ka guji ƙoƙuwar tsauni saboda iska, ka kuma guji ƙasan kwari da bakin rafi, domin iska mai sanyi ta fi nauyi kuma can take gangarawa ta kwanta da dare. Ka ɗaga kai ka tabbata babu busasshen itace da zai iya faɗowa. Idan ka riga ka kashe dabba, ka yi nisa da gawar, musamman a sassan Montana da Idaho da Wayomin inda ake da beyar, wasu manyan namun daji masu haɗari da ƙanshin nama ke janyowa.

Daga nan sai shimfiɗa, kuma a nan ya kamata ka kashe mafi yawan ƙarfinka. Ka tara rassa masu ganye da busasshiyar ciyawa har tulin ya kai santimita 10 zuwa 15 bayan ka danne shi, ka ɗora jakarka da guntun soson a kai. Ka tuɓe rigar da ta jiƙe da gumi ka sa busasshiya a jikin fata, sauran tufafin a kanta, hula a ka. Ka ci abinci, ka sha ruwa, ka yi fitsari kafin ka shiga, domin kowace fita asarar ɗumi ce. Sannan ka zura jikinka cikin bargon a kan tufafin, gefen mai ƙyalli yana ciki. Kada ka naɗe shi tamau. Ɗan sararin iskar da ke tsakaninsa da tufafi shi ke ba ƙyallin damar mayar da huci, kuma duk inda ledar ta manne da fata sanyi take kaiwa. Zama a takure, gwiwoyi a ƙirji, baya jingine da jaka, ya fi kwanciya a miƙe riƙe ɗumi.

Fuskarka ta kasance a waje. Numfashi a cikin leda haɗari ne, kuma tururin baki zai jiƙa duk abin da ke ciki. Ko da hakan, raɓa za ta taru, domin ledar da ta hana ruwa shiga ita ce ke hana gumi fita. Idan babu ruwan sama, ka riƙa ɗan buɗe bakin buhun lokaci zuwa lokaci tururi ya fita. Wannan ne babban aibinsa, kuma shi ya sa ake ɗaukarsa a matsayin abin dare ɗaya. Barci kuwa ba lallai ya samu ba: za ka yi gyangyaɗi, sanyi ya tashe ka, ka motsa ƙafafu da kafaɗu, ka ci ɗabino, ka sake takurewa. Motsin ya zama daidai wanda zai kawo ɗumi ba tare da ya kawo gumi ba.

Idan an samu hura wuta, shimfiɗaɗɗen bargo na da wani amfani da ya fi naɗe jiki: a ɗaure shi a bayanka a karkace kamar rumfa, ƙyallin yana fuskantar wutar, kai kana tsakani, sai hucin ya dawo maka ta baya. Amma a kiyaye, ledar na narkewa da tartsatsi ɗaya kuma tana cin wuta, saboda haka wanda ke cikin buhu kada ya matsa kusa da harshen wuta. Da gari ya waye, a shanya bargon a fili inda za a hango daga sama, a kuma busa usur sau uku a jere, wanda shi ne alamar neman agaji da aka sani a can.

Mataki na shida: idan abokin tafiya ne ya faɗi

A nan ne bargon ya fi biyan kuɗinsa. Mutumin da ya karye ko ya yanke da wuƙar fiɗa ba ya iya motsi ya ɗumama kansa, kuma sanyi na rage wa jini ƙarfin daskarewa, wato mai zubar da jini idan ya yi sanyi zubar na ƙaruwa. Bayan an tsayar da jinin, sai a raba shi da ƙasa ta hanyar shimfiɗa masa duk abin da ake da shi, a cire masa jiƙaƙƙun kaya idan akwai busassu da mafaka, a naɗe shi da riguna da jakar barci, sannan bargon gaggawa ya zo daga waje ya tare iska. Idan babu halin cire jiƙaƙƙun kayan, sai a naɗa ledar a kansu kai tsaye, a ɗora busassun abubuwa daga waje domin kada su ma su jiƙe. Gorar ruwan ɗumi da aka naɗe a tsumma a sa ta a ƙirji ko hamata. Idan yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya, a ba shi abin sha mai ɗumi da sukari. Kada a murza masa hannu da ƙafa, kada a ba shi giya, kuma idan ya fara sambatu ko rawar ɗarin ta ɗauke alhali jikinsa na sanyi, a bar shi a kwance, a juya shi a hankali, a nemi agaji ba tare da jinkiri ba.

Wasu maharba kan shimfiɗa bargon a ƙasa su ɗora nama a kai yayin fiɗa domin kada ya kwashi ƙasa. Hakan na yiwuwa, amma wanda aka yi wannan aiki da shi ya tashi daga na ceto, kuma kada a kuskura a naɗe nama mai ɗumi a cikinsa, domin zafin da zai riƙe shi ne zai ruɓar da naman.

Ga maharbanmu na nan gida

Mafarautan ƙasar Hausa sun fi fita ne da rani bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da hunturu ke kaɗawa. A tudun Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, daren Disamba da Janairu kan sauka zuwa wajen digiri 10, a tsaunukan Ayar na Nijar kuwa wasu dararen kan kusanci sifili. Wanda ya ji rauni ya kwana a fili cikin irin wannan iska, ko wanda ruwan damina ya yi wa duka da yamma ya kwana da jiƙaƙƙen kaya, duk abin da aka faɗa a sama ya shafe shi. Bambanci biyu ne kawai za a kula da su. Ciyawa da ganyen da za a tara na shimfiɗa sai an kakkaɓe su sosai saboda kunama da maciji, kuma wuta a cikin busasshiyar ciyawar rani sai an share kewayenta har ƙasa kafin a kunna. Da rana kuwa bargon na iya zama inuwa ga wanda zafi ya kayar: a ɗaure shi sama da mutum da tazarar da iska za ta ratsa ta ƙasa, ƙyallin azurfa yana kallon rana, kuma kada a naɗe shi a jikinsa, domin hakan zai hana gumi bushewa ya ƙara masa zafi.